Ruwa ya shiga gidanmu karo na uku: akwai gwamnatin da ke taimakawa tun kafin ɓarna?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin, don kwana biyun nan barci ma sai a hankali.

Gidan da muke ciki gadon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. A gangare ya gina shi, tsakaninmu da kogi tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Muna yara ruwa bai taɓa tsallake dakalin ƙofar gida ba. Amma a cikin shekara tara ɗin nan sau uku yana shigo mana. Na farko iya idon sawu ne, muka kwashe shi da bokiti muna ta dariya. Na biyu ya kawo gwiwa. Na bana kuwa cikin dare ya zo, shi da iska, ya kai min ƙugu a tsakar gida, iskar ta yaye rabin kwanon ɗakin Inna ta wurga shi bayan layi. A bayana na goyo ta muka fita. Duk lokacin da ruwan ya janye nakan ja layi da gawayi a bangon falo daidai inda ya tsaya, in rubuta shekara a gefe. Yanzu layukan uku ne, suna hawa kamar matakala. Duk wanda ya shigo ya gan su ba ya tambayata komai, sai dai ya girgiza kai.

Bayan mako biyu aka kawo kayan agaji. Katifa ɗaya, bargo biyu, bokiti, gidan sauro, sannan aka jera mu aka ɗauki hoto. Wallahi ban raina ba, Allah ya saka wa wanda ya kawo. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, irin wannan katifar aka ba mu bayan ruwa na biyu, kuma ita ce ruwan bana ya tafi da ita. Na zauna a kan sabuwar ina lissafi: in aka ci gaba a haka, katifa nawa za a saya min kafin in mutu? Da kuɗin katifun layinmu kaf aka haɗa, da bai isa a buɗe kwalbatin da ya toshe a ƙasan titi ba, wanda kowa ya san shi ne ke mayar mana da ruwa baya?

To tambayata ke nan. A duniyar nan akwai gwamnatin da ke fitar da kuɗi tun gari na bushe, don a ɗaga daɓen gida, a ƙarfafa rufi, a gyara magudana, ko ma a saye gidan mutum ya koma tudu? In akwai, yaya tsarin yake? Mutum ne ke rubuta takarda da kansa, ko sai unguwa ta haɗu? Ina so in san yadda ake yi a wuraren da abin ya yi aiki, don in san abin da zan tambaya in na shiga ofis. Na gaji da zuwa ina cewa "a taimaka mana" ba tare da na san sunan abin da nake nema ba.

Sai kuma matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Inna ta ce ko ruwa zai kai silin ba ta barin ɗakin da mijinta ya gina mata.

Tsohon Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana, ya ƙara wa Inna lafiya.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina auna fili da zana taswira kafin in ajiye aiki, kuma har yau karatun da na fi so shi ne na yadda ƙasashe ke zama da ruwa. Kafin komai, layukan gawayin nan kada ka goge su, kada kuma ka bari mai fenti ya bi ta kansu. Za ka ga dalili.

Kuɗin gwamnati a sha'anin ambaliya iri biyu ne. Akwai agajin gaggawa, wato katifarka. Akwai kuma kuɗin rage ɓarna, wanda ake kashewa lokacin da babu wanda ke kuka. Asusunsu daban, sau da yawa ma ofishinsu daban. Na farkon ne ke zuwa da mai hoto, shi ya sa kowa ya san shi.

Inda na fi sanin tsarin na biyun dalla-dalla shi ne Amurka. Suna da doka ta 1988 da ake kira dokar Stafford. A ƙarƙashinta, in shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i a wata jiha, ban da kuɗin agaji ana iya ware wani kaso na daban domin ayyukan da za su hana abin ya maimaitu. Hukumarsu ta agajin gaggawa, FEMA, ce ke riƙe da shi. Gwamnatin tarayya ta biya kashi 75 cikin ɗari, sauran 25 jiha ko ƙaramar hukuma ko mai gidan su cike. Da shi ake ɗaga gida a ɗora shi bisa ginshiƙai, a faɗaɗa kwalbati, a gina ɗakin fakewa daga guguwa, ko a saye gida a rushe shi. Wannan na ƙarshen ka duba shi da kyau. Ba a tilasta kowa. Kuɗin da ake biya shi ne darajar gidan kafin ruwa ya lalata shi. Kuma da zarar an rushe, ana rubutawa a takardar filin cewa ba za a sake gina gida a wurin ba har abada. Sai dai ya zama filin wasa ko wurin shan iska, ruwa in ya zo ya kwanta abinsa ya tashi.

Ga amsar tambayarka: mai gida ba ya miƙa takarda kai tsaye. Ƙaramar hukuma ce ke nema a madadin mutanenta, jiha ta tace, sannan a kai sama. Ƙaramar hukumar da ba ta da rubutaccen tsarin rage haɗari da aka amince da shi, ba ta ma shiga layi. Sannan kowane aiki sai an nuna da alƙaluma cewa asarar da zai hana ta fi kuɗin da zai ci. To da me ake wannan lissafin? Da tsayin da ruwa ya kai, da shekarar da ya zo, da abin da ya lalata. Layukanka ke nan. Mutumin da ya shiga ofis ya ce "ruwa na damunmu" zai sha "Allah ya kyauta". Wanda ya shiga da takarda mai cewa gida kaza, ruwa ya kai santimita kaza a shekara kaza, ga hotuna, ga rasit na gyara, shi injiniya zai ja wa kujera, domin ya kawo masa abin da shi ma zai kare aikin da shi a gaban masu kasafi.

A 2017 cibiyar nazarin gine-gine ta ƙasar ta fitar da bincike cewa kowace dala ɗaya da tarayya ta kashe a irin wannan tallafi tana hana asarar dala shida a gaba. Lissafin katifarka ne, su dai sun yi shi da kwamfuta.

Kada kuma in yi maka zaƙin baki. Abin yana da jan ƙafa. Wani bincike na 2019 ya nuna cewa sayen gida a wannan tsari yakan ɗauki sama da shekara biyar daga ranar ambaliya zuwa ranar kammalawa. A tsakanin nan wasu ruwa ya sake cin su, wasu sun gaji sun gyara sun zauna, wasu sun sayar wa wanda bai san tarihin gidan ba. Amma akwai inda aka yi shi gari guda. Valmeyer, wani ƙaramin gari na mutum wajen 900 a jihar Illinois, bayan kogin Misisipi ya shanye shi a 1993, mutanensa suka yi shawara suka koma kan tudu kusa da su, da makarantarsu da wuraren ibadarsu da maƙwabtansu. Abin da ya sa na kawo shi, saboda Inna ne. Tsofaffi ba gini suke ƙin bari ba, mutane suke ƙin bari.

Na Gidan Haya ya amsa:

Baba, da girmanka, amma wannan ai labarin masu shi ne. Ƙasar da ke da kuɗin sayen gidan mutum ta rushe don kawai ruwa ya samu wurin kwanciya, ina za a haɗa ta da ƙasar da albashi ma sai an yi da gaske?

Su ma can ba tabbas gare shi ba. Suna da wani babban shiri mai suna BRIC, na ba da kuɗi tun kafin bala'i, wanda dokar 2018 ta haifar. A watan Afrilun 2025 aka wayi gari aka ce an soke shi, har jihohi da dama suka garzaya kotu. Garuruwan da suka riga suka zana aiki suka tsaya cirko-cirko. Kuɗin riga-kafi shi ne na farko da ake yankewa a ko'ina, don ambaliyar da ba ta faru ba babu mai yanke mata ƙyalle.

Sannan duk bayanin nan na masu gida ne. Ni ɗan haya ne, sau biyu ruwa na cinye min kaya. Mai gida ya karɓi abin da aka bayar da sunan gidansa, ni ko sannu. Wa ke lissafa mu?

Malama Uwar Biyu ta amsa:

Malam Na Gidan Haya, maganarka ta 'yan haya gaskiya ce, kuma ina roƙon Ɗan Gangare in zai haɗa takardar ɓarnar nan da Baba ya faɗa, ya rubuta sunan wanda ke kwana a ɗakin, ba na mai takardar fili kaɗai ba. Amma zancen sai mai kuɗi ne zai iya, ban yarda ba. Ni malamar labarin ƙasa ce, kuma duk shekara sai na koya wa ɗalibaina labarin Bangaladash.

A watan Nuwamban 1970 guguwar teku ta afka wa gaɓarsu, lokacin ma suna Gabashin Pakistan, ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1972 aka kafa shirin shirye-shiryen guguwa, wanda gwamnati ke gudanarwa tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent. Ba wani injin zamani ba ne. 'Yan sa-kai ne dubun-dubata a ƙauyuka, maza da mata, da lasifika da tuta da keke, waɗanda in sanarwa ta fito daga masu hasashen yanayi sai su bi gida-gida suna fitar da mutane. Aka kuma yi ta gina mafaka ta kankare bisa dogayen ginshiƙai. Ranar da babu guguwa makarantar firamare ce, yara na karatu a ciki, shi ya sa ba ta zama kango, kuma kowane yaro ya san hanyarta ko da tsakar dare. A 1991 wata guguwar ta kashe kimanin 138,000, wato aikin bai kai ba tukuna. A 2007 mai suna Sidr ta kashe wajen 3,400. A 2020 da Amphan ta taso, sun kwashe sama da mutum miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Wani abu da nake son a lura da shi: sun gano cewa mutane na ƙin zuwa mafaka saboda dabbobinsu. Mutum ya gwammace ya mutu da saniyarsa da ya bar ta. Sai aka riƙa tara ƙasa ana yin tudu kusa da mafaka domin dabbobi. Mata kuma suna ƙin zuwa in babu banɗakinsu daban, sai aka gyara wannan ma. Ba su tsaya suna cewa jama'a na da taurin kai ba. Tambaya suka yi, me ke hana ku fita?

Jihar Odisha ta Indiya ma haka. Guguwar 1999 ta kashe kusan mutum 10,000. Suka kafa hukuma ta musamman a shekarar. A 2013 da Phailin ta zo sun kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, mamatan ba su kai 50 ba.

Na san wannan rai yake cetowa, ba katifa ba, kuma ba ya hana gida rushewa. Amma Yaya Ɗan Gangare, ka ce cikin dare ruwan ya same ku har ka goyo Inna. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a duk rubutunka. Kafin a kai ga zancen siminti, wa ke sanar da ku in kogi ya fara cika? Akwai ma'auni a jikin gada? Akwai wanda ke sama da ku a bakin kogin da zai buga waya? Ina za ku nufa in kun fito? Wannan ɓangaren na tallafin gwamnati shi ya fi araha, kuma shi ya fi sauƙin samu in an nema da sunansa: tsarin gargaɗin gaggawa.

Ita kuma Inna, ka tambaye ta me take tsoron bari. Kada ka tambaye ta ko za ta tashi.

Kafinta Mai Rufi ya amsa:

Kowa ya tafi kan ruwa an manta da iska. Ni rufi ne sana'ata, shekara ashirin da biyu, bari in yi magana a kan kwanon Inna.

Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Tana kamawa daga baki da kusurwa, kamar yadda ake ɓare murfin gwangwani. In kuma taga ko ƙofa ta ɓalle, iskar ta cika ɗaki, to ta sama na ja, ta ciki na turawa, shi ke nan. Yawancin rufin da nake zuwa gyarawa bayan hadari, kwanon lafiya lau yake, katakon ma lafiya lau. Abin da ya saki shi ne mahaɗa. An ɗora rafta a kan bango an buga ƙusa biyu an tafi.

Ga abin da za ka ce wa wanda zai yi maka aikin. Kowace rafta a ɗaure ta da langalanga ko rodi da aka binne a cikin kankaren saman bango, ba a jikin filasta ba. Katakon da ake buga kwano a kai a matso da su kusa da juna a baki da kusurwa. Ƙusa mai hula a bi kowane tudun kwano a layin baki da na tsororuwa, a tanƙwara bakinta ta ƙasa, in da hali ma a sa sukuru. Kada a bar bakin rufi ya zarce bango da yawa don ado. In sabo za a yi ɗungurungum, mai fuska huɗu ya fi mai fuska biyu jure iska. Duk wannan ƙarin bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da sayen kwano sau biyu.

Akwai yarona da na koya wa aiki, yanzu yana aikin gini a Amurka, shi ke ba ni labari. Ya ce bayan guguwar Andrew ta 1992 ta kwashe rufin dubban gidaje, jihar Florida ta tsaurara dokar gini, har mahaɗar nan da nake faɗa ta zama dole. A jihar Alabama kuwa akwai shirin gwamnati da ke ba mai gida har dala 10,000 ya sake rufi a kan ƙa'idar jure guguwa, sai mai duba aiki ya zo ya tabbatar kafin a biya. Na ce masa wannan na ƙarshen shi ne maganar. Kuɗi in ba mai dubawa, ƙusa biyun nan dai za a sake bugawa.

Ɗan Gangare ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Kafinta, na hau na duba ragowar rufin, yadda ka faɗa haka yake, ko langalanga ɗaya babu. Malama, ba mu da kowa mai sanar da mu. Kukan awakin maƙwabci ne ya tashe ni a daren.

Baba, ga wata kuma. Mutanen layinmu sun fara karo-karo za su zuba ƙasa da buhunan yashi su yi jinga ta bayan gidajenmu, daga gada zuwa tsohuwar rijiya. Wasu na cewa ma mu nemi gwamnati ta mayar da ita ta kankare, a huta gaba ɗaya. An ce in kawo nawa kason ranar Juma'a. In bayar?

Tsohon Safiyo ya amsa:

Ka dakata tukuna, ɗana. Jinga ba ta rage ruwa ko cokali ɗaya. Tura shi take yi wani wuri. Kafin ku zuba kwando ɗaya, ku tsallaka ku ga su wa ke ɗaya gaɓar, su wa ke ƙasa da ku, don su za ku aika wa. Na ga unguwanni biyu da suka shekara goma ba sa ga maciji a kan wannan. Sannan ku da kwalbatinku ya toshe, jingar da za ta tare ruwan kogi ita ce za ta tare ruwan sama ya rasa mafita, ku zauna a cikin kwano. Kuma akwai illar da ta fi waɗannan: da zarar an yi jinga sai hankali ya kwanta, a cika bayanta da sababbin gidaje, ranar da ta ɓalle ɓarnar ta ninka. Haka aka gani a birnin New Orleans na Amurka a 2005 lokacin guguwar Katrina, da katangun ruwan suka karye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse.

Babu wanda ya kai mutanen Holan sanin jinga. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da teku. A daren 31 ga Janairun 1953 teku ya fasa musu ya kashe mutum 1,836, suka shafe sama da shekara arba'in suna gina manyan madatsu da ƙofofin ƙarfe a bakin teku. Duk da haka a 1995 koguna suka cika har sai da aka kwashe mutum kimanin 250,000 don tsoron kada jinga ta saki. Daga nan suka sake tunani. Suka fito da shirin da ma'anar sunansa ita ce a ba kogi wuri, a wurare sama da 30, a kan kuɗi wajen yuro biliyan 2.3. A birnin Nijmegen, inda kogin Waal ke matsewa a wata kwana, sun ja jingar baya da mita 350, suka haƙa wa kogin hanya ta biyu. Gidaje wajen 50 aka tasa aka biya su diyya. A wani wurin kuma manoma ne da kansu suka kawo shawara, aka tara musu ƙasa aka yi tuddai aka mayar da gidajensu da turakun shanunsu a kai, gonakin kuwa aka bar wa ruwa ya shiga in ya yi yawa.

Abin da mutane ba su cika sani ba game da Holan shi ne hukumomin ruwansu, guda 21 a yanzu, waɗanda asalinsu ya kai ƙarni na 13. Zaɓensu ake yi, harajinsu daban suke karɓa, kuma aikinsu ke nan: jinga, magudana, famfunan zuƙe ruwa. Gina abu kowace gwamnati na iya yi sau ɗaya. Wanda zai yashe shi duk shekara shi ne ake rasawa. Ka tambayi kanka kwalbatinku ranar da aka gina shi a toshe yake?

Don haka shawarata, kuɗin karo-karon nan ku fara kai shi kan yashe kwalbatin da lambatun da ke kai masa ruwa. Sannan ku rubuta takarda ɗaya da sunan unguwa, ba da sunan mutum ba, ku nemi abu uku da sunayensu: injiniya ya zo ya auna ko kwalbatin ya yi wa ruwan yanzu kaɗan, a ba ku kwafin taswirar haɗarin ambaliya ta yankin in akwai, a kuma saka ma'auni a gada. Ku kai wa sashen ayyuka da na tsara gari, ba wa masu rabon agaji kaɗai ba, ku karɓi kwafi mai hatimi. Ku kai tun kafin a rufe kasafin shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A gidanka kuwa, abin da ke hannunka: ka mayar da soket da mita sama da layin gawayi na uku da kamar taku biyu, ka ɗaga bakin rijiya da na masai, ka yi kanta mai tsawo ta ajiye takardu da hatsi. Ɗakin Inna, tunda rufin ya riga ya tafi, dama ce. A ƙara bulo uku ko huɗu a bango, a cike ƙasan a ɗaga daɓen, sannan a rufa yadda Malam Kafinta ya ce. Amma sai magini ya duba harsashin ya ce zai ɗauka.

Akawu ya amsa:

A taƙaice zan ƙara na inshora, tunda shi ma hanya ce da gwamnatoci ke bi. A Birtaniya tun 2016 akwai tsarin Flood Re, wanda gwamnati da kamfanonin inshora suka kafa don masu gidaje a wuraren ambaliya su samu inshora da sauƙi. Dabarar da ke ciki: gidan da aka gina daga 2009 zuwa yau ba ya shiga, don kada a ce an ba mutane lasisin ci gaba da gini a hanyar ruwa. Kuma an sa masa wa'adi, 2039 zai ƙare. A Amurka inshorar ambaliya ta gwamnati ce tun 1968, kuma in ka saya sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, don kada mutum ya hango hadari ya ruga ya biya. Suna da wata ƙa'ida kuma, in ɓarnar ta kai rabin darajar ginin, ba za a bar ka ka mayar da shi yadda yake ba, sai ka ɗaga shi ko ka tashi.

Sai gargaɗi. Duk inda aka yi ambaliya sai 'yan damfara sun biyo baya da fom na sayarwa. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka sunanka a jerin masu diyya, ka nemi katin aikinsa, ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya. Asalin takardar filinka kuma kada ta bar hannunka, kwafi za ka bayar.

Ɗan Gangare ya amsa:

Jiya bayan la'asar na zauna da mutanen layi, na karanta musu abin da Baba ya rubuta. An ɗan yi hayaniya, don mutum biyu sun riga sun yi cinikin yashi. A ƙarshe dai an yarda a jingine jingar, ranar Asabar za mu shiga kwalbatin da shebur. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na bi gida 23 da tef ɗin awo. Ashe ba ni kaɗai ke ja layi ba. Wani tsoho da ƙusa yake karta nasa a jikin ƙyaure, yana da guda biyar, biyu tun kafin a haife ni, wanda ke nufin zancen da nake yi cewa da ruwa ba ya zuwa ba daidai ba ne, gidanmu ne dai bai kai ba. Malam Na Gidan Haya, 'yan haya tara na rubuta, kowa da sunansa da abin da ya rasa.

Malama, na yi wa Inna tambayar yadda kika ce. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce bishiyar da ke tsakar gida mahaifina ne ya dasa ta ranar sunana, kuma maƙwabciyarta da suke tare shekara arba'in ba ta gani sosai yanzu, ita ke leƙa ta safe da yamma. Ta yarda a ɗaga ɗakin. Ta kuma yarda in aka buga waya aka ce kogi ya kai alama, za ta fita tun da rana da ƙafarta, da sharaɗin a fito da maƙwabciyar tare da ita.

Baba, takardar nan ta unguwa, mutum nawa ya kamata su sa hannu? Kuma hotunan, a wanke su a liƙa a jiki, ko a bar su a waya a nuna in an tambaya?